Alƙalami da kyamara a fagen siyasa: amsa ga matashin da aka yi wa tayin aiki

Wani matashi ɗan shekara 24, wanda ya karanta aikin jarida kuma bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Malam, burina in zama wakilin siyasa, kuma in riƙa ɗaukar hotunan labaraina da kaina. Wani edita ya ce mini taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓi rubutu ko hoto. Ga shi kuma wani ɗan majalisa ya ce in zo in zama mai ɗaukar masa hoto, da albashi duk wata, alhali jaridar intanet ɗin da nake yi wa rubutu sai a yi wata biyu ba a biya ni ba. Me kake ganin ya fi?"

Ɗana, editan naka bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Lokacin da idonka ke cikin kyamara kana neman inda haske ya faɗi, kunnenka ba ya tare da mai jawabi, kuma maganar da za ta zama kanun labari sau da yawa a wannan daƙiƙar take wucewa. Amma zamanin da gidan jarida zai tura mutum uku wurin taro ɗaya, mai rubutu da mai hoto da direba, ya wuce a yawancin gidajenmu. Yau wanda ya iya biyun shi ake nema. Maganin matsalar ma ba mai wuya ba ne: ka kunna rikoda ka ajiye kusa da lasifika, ka yi hotunanka a mintuna goman farko da na ƙarshe, tsakiyar taron kuma ka rataye kyamara ka saurara da biro a hannu.

Tambayarka ta biyu ce ta hana ni amsa maka da sauri. Kafin in faɗi ra'ayina, bari in ba ka labarin wani mutum da ya fara wannan sana'a yana ƙasa da shekarunka, domin duk abin da ke damunka ya bi ta kansa.

Sunansa Mohamed Amin. An haife shi a Nairobi ranar 29 ga Agusta, 1943. Iyayensa Musulmi ne 'yan asalin Punjab, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma aikin ne ya kai su Dar es Salaam, babban birnin Tanganyika a lokacin (Tanzaniya ta yau), inda yaron ya tashi. Yana ɗan shekara 11 ya sayi tsohuwar kyamara ƙirar Box Brownie, wadda akwati ce kawai mai ido ɗaya. Bai yi jami'a ba. A 1963, yana da shekara 20 ko ƙasa da haka da 'yan watanni, ya buɗe kamfaninsa na hoto a Dar es Salaam, ya sa masa suna Camerapix.

Ka dubi lokacin da ya faɗo. Tanganyika ta sami 'yanci a Disambar 1961, Yuganda a Oktobar 1962, Zanzibar da Kenya a Disambar 1963. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Janairun 1964, aka kifar da Sarkin Zanzibar, kuma kafin watan ya ƙare sojojin Tanganyika sun yi bore a barikinsu. Manyan kafafen Turai da Amurka suna ƙishirwar hotuna, wakilansu kuwa sai sun hau jirgi sun zo, ba su jin Swahili, ba su san wane lungu ke fita ina ba. Shi yana nan, yana jin yaren, ya san direbobi da masinjoji da 'yan sandan bakin ƙofa. Jarinsa na farko ke nan, kuma kai ma kana da irinsa. Babu wakilin da za a turo daga Legas ko Landan da zai fi ka sanin wanda ke juya jam'iyya a mazaɓarku, ko dalilin da ya sa shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ya daina gaisawa da ciyaman. Yawancin matasanmu suna raina wannan sani, hankalinsu yana kan Abuja.

Bai sha da daɗi ba. A 1966 hukumomin Zanzibar suka kama shi saboda hotunan da yake ɗauka, suka tsare shi kusan wata guda a wani kurkuku da ya yi ƙaurin suna wajen azabtarwa. Da ya fito ya koma Nairobi da zama, kuma can ne sunansa ya fita.

Ranar Asabar 5 ga Yulin 1969 aka harbe Tom Mboya a bakin wani kantin magani a titin da a lokacin ake kira Government Road, yanzu Moi Avenue. Mboya ministan tsare-tsaren tattalin arziki ne, ɗan shekara 38, ɗan ƙabilar Luo, kuma mutane da yawa suna ganin shi zai iya gadon shugaban Kenya Jomo Kenyatta. Cikin 'yan mintuna Amin yana wurin. Ya shiga motar asibitin da aka ɗauki Mboya, yana ɗaukar hoto mai motsi da maras motsi har aka isa asibiti. Hotunan suka zagaya duniya, aka ba shi lambar gwarzon mai ɗaukar hoton talbijin ta Birtaniya, yana ɗan shekara 26 ko kusa da haka.

Mutane kan ce sa'a ce. Ni ban yarda ba. Sa'a ba ta sa fim a kyamara, ba ta cajin batir tun dare, ba ta sa ma'aikatan asibiti su san fuskarka har su bar ka ka shiga mota. Da sanyin safiya ake kama fara. Na ga matasa da yawa sun iso wurin da abu ya faru a kan lokaci, sai batir ya mutu, ko memori ya cika da hotunan bikin jiya. Ka mayar da shi al'ada kamar alwala: kowane dare ka kwashe hotuna, ka caja batir biyu, ka goge gilashin kyamara, ka ajiye jaka a bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ya kamata ya tsaya maka a rai game da wannan hoto. Mutum ne yake mutuwa, yana da mata da 'ya'ya. Ya halatta a ɗauka? A ganina e, domin minista ne aka harbe da rana tsaka a tsakiyar babban birni, kuma abin da ya biyo baya ya nuna al'amarin na ƙasa ne: zaman ɗar-ɗar tsakanin Luo da Kikuyu, ƙabilar Kenyatta, harbe-harben Kisumu a watan Oktoba lokacin da Kenyatta ya je buɗe asibiti, da haramta jam'iyyar adawa ta KPU. Amma wannan hujja ba ta hau kan kowace gawa ba. Mu mutane ne masu girmama sutura. Talakan da 'yan daba suka sara a wurin kamfen, fuskarsa da tsiraicinsa ba naka ba ne ka watsa, musamman tun mahaifiyarsa ba ta ji ba. Takalminsa da ya faɗi, da kujerun da aka kifar, da fuskar ɗan'uwansa a bakin asibiti idan ya amince, za su ba da labarin.

Yanzu ga inda labarinsa ya haɗu da tayin da aka yi maka. Ranar 25 ga Janairun 1971 Janar Idi Amin ya kifar da shugaban Yuganda Milton Obote, lokacin Obote yana taron ƙasashe rainon Ingila a Singafo. Labarin da abokan aikin Mohamed Amin suka daɗe suna bayarwa shi ne ya buga waya Kampala ya ce Amin ne ke magana daga Nairobi, mai haɗa waya ya ɗauka ɗan'uwan Janar ne, ya haɗa su. Ba su da dangantaka ko ta nesa. Daga nan ƙofa ta buɗe masa, ya zama cikin 'yan jarida ƙalilan da ke shiga Yuganda su fita a shekarun da ake korar wasu, ana kashe wasu. Ka tuna kuma a Agustan 1972 Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya kwana 90 su bar ƙasar, wato mutane irin iyayen Mohamed Amin. Duk da haka ya ci gaba da zuwa. Ya ɗauki shugaban yana raha, yana fareti, yana cikin iyalinsa. Da gwamnatin ta faɗi a Afrilun 1979, ya shiga Kampala ya ɗauki abin da mulkin ya bari na gawarwaki da ɗakunan azaba. A 1980 kuma shi da Brian Barron na BBC suka gano Idi Amin a Jidda inda yake gudun hijira, suka yi hira da shi.

Ba zan ce maka wannan kusanci ba shi da tabo ba. An yi ta muhawara a kansa, kuma muhawarar tana da tushe, domin mai mulkin kama-karya ba ya barin kyamara kusa da shi sai yana ganin tana yi masa amfani. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma abu ɗaya ya raba Mohamed Amin da mai hoton fada: ba Idi Amin ke biyansa ba. Kuɗinsa daga kamfaninsa suke fitowa da kuma kamfanin dillancin hotunan talbijin na Visnews, wanda daga baya ya koma hannun Reuters. Fim ɗin kuma a jakarsa yake komawa Nairobi. Saboda haka ranar da ya ga gawa, babu wanda zai kira ya nemi izini. Kusanci da mai mulki a wurinsa kayan aiki ne kamar tsani, ana hawa ne don a hango, ba don a zauna a kai ba.

Ni na san ɗaya gefen, don na taɓa zama a kan tsanin. Ina matashi aka tura ni wakilci wani gidan gwamnati. Duk ƙarshen wata akwai ambulan da ake raba mana, ana ce masa kuɗin mota. Na karɓa, na ce wa kaina ai ba a ce in rubuta ƙarya ba, kuma gaskiya ba a taɓa ce mini ba. Wata rana 'yan fansho suka taru a bakin ƙofa suna neman haƙƙinsu na watanni. Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya yanke jiki ya faɗi a rana, takardunsa suka watse. Kyamara tana wuyana. Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da jami'in hulɗa da 'yan jarida. Bai ce mini komai ba, ko kai bai girgiza ba. Hannuna ne ya ƙi ɗaguwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekaru sun wuce, na manta jawabai ɗari da na rubuta a gidan, amma dattijon nan da takardunsa ban manta ba, kuma babu hotonsa a ko'ina.

Wani abu da kusanci ke yi maka shi ne ya juya maka ido zuwa inda mai gida ke so. A Kampala aka yi taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a ƙarshen Yulin 1975, Idi Amin ne mai masauki, kuma a zauren taron ne labari ya iske Janar Yakubu Gowon ranar 29 ga wata cewa an kifar da gwamnatinsa a Legas. Duk mai kyamarar da ya kafe idonsa a kan mumbari a wannan lokaci ya yi asara, domin labarin yana kan kujerar Najeriya. Haka siyasa take har gobe. Mai jawabi ya shirya fuskarsa tun daga gida. Ka dubi mataimakin gwamnan da aka ajiye a layi na biyu, da kujerar da aka rubuta wa suna ba a zauna ba, da wanda ya miƙa hannu aka yi kamar ba a gani ba. Wanda bai san siyasar ba, ba zai san cewa kujerar nan da babu kowa ita ce hoton ranar ba, kuma wannan ne babban amfanin haɗa rubutu da hoto a mutum ɗaya.

Aikin da Mohamed Amin ya fi shahara da shi ya zo a Oktobar 1984. Gwamnatin sojan Habasha ƙarƙashin Mengistu Haile Mariam ta yi bikin cika shekara goma da juyin juya hali a watan Satumba, kuma ta daɗe tana hana 'yan jarida zuwa arewacin ƙasar inda yunwa ke kisa. Amin ya yi ta naci a ofisoshin Addis Ababa har aka ba da izini. Shi da Michael Buerk na talbijin ɗin BBC da Mike Wooldridge na rediyo suka isa garuruwan Mekele da Korem a arewacin ƙasar. Ranar 23 ga Oktoba aka nuna rahoton, tashoshi sama da 400 a duniya suka ɗauka. Daga nan aka sami gangamin mawaƙa na Band Aid, sannan babban taron Live Aid ranar 13 ga Yulin 1985 a Landan da Philadelphia. Rayukan da abincin agaji ya ceta ba su ƙirguwa, kuma ba na jin akwai mai hankalin da zai raina wannan aiki.

Sai dai ina son ka lura da abin da hoto ba ya iya faɗa. Wanda ya kalli uwa riƙe da yaron da ya ƙanjame, zai ce fari ne, ruwa ne bai sauka ba. Fari kam an yi, a shekarar ya taɓa Sudan da Chadi da Nijar. Amma abin da ya mayar da na arewacin Habasha kisan jama'a ya haɗa da yaƙin Tigray da Eritiriya, da harin soja a kan kasuwanni da gonaki, da tilasta wa manoma sayar wa gwamnati hatsi a farashin da ta yanka, da hana fatake zirga-zirga. Bayan haka gwamnatin ta kwashe mutane kusan 600,000 daga arewa zuwa kudu, da yawa ba da son ransu ba, kuma da ƙungiyar likitoci ta MSF ta Faransa ta yi magana a kai, aka kore ta daga ƙasar a Disambar 1985. Duk wannan babu wanda zai gan shi a fuskar yaro mai yunwa. Hoto ya sa duniya kuka, amma tambayar wa ya jawo, aikin mai alƙalami ne. Idan ka je sansanin 'yan gudun hijira ka dawo da hotuna masu sa hawaye, rabin aiki ka yi. Sauran rabin yana cikin kasafin kuɗi: nawa aka ware, wa aka ba kwangilar abinci, buhu nawa ya iso.

Don haka ka koyi karanta takarda kamar yadda kake koyon haske. Ka san kundin tsarin mulki na 1999, musamman sashe na 22 da ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati. Ka san dokar zaɓe da ƙa'idojin INEC, ka san yadda sakamako ke tashi daga rumfar zaɓe zuwa mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, domin a wurin tattarawa ake yawan yin abin da ake yi, kuma hoton takardar sakamako da aka liƙa a rumfa, wanda lambobinsa ke karantuwa, ya fi hoton dogon layi daraja. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardarka. Sau da yawa ba za su amsa ba, amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa aka yi shiru, ita ma labari ce.

Game da hoton kansa, gargaɗina biyu ne. Na farko, taron siyasa. Ka durƙusa a gaba ka ɗauka, mutum ɗari biyu za su zama kamar teku. Ka hau bene tun kafin a cika ka ɗauka, dubu goma za su zama kamar 'yan kallon tashe. Duka biyun ƙarya ce ba tare da an taɓa hoton ba. Ka ɗauki faɗin filin daga sama lokacin da babban baƙo ke magana, ka rubuta ƙarfe nawa ne, kuma idan ka ga motocin da aka yi jigilar mutane da inda ake raba musu kuɗi, wannan ma cikin taron yake. Na biyu, kada ka ƙara kada ka rage. Gyaran haske ya halatta, cire mutum ko ƙara hayaƙi bai halatta ba. A 2006 Reuters ta gano wani mai yi mata hoto a Lebanon ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut da kwamfuta, ta raba gari da shi, ta kuma janye hotunansa 920 daga rumbunta, har da waɗanda ba a ce an taɓa ba. Yanzu da ake ƙirƙirar hoto daga babu, asalin fayil ɗin da ya fito daga kyamararka, da kwanan wata da lokaci a jikinsa, shi ne shaidarka. Ka adana shi a wuri biyu. Kowane hoto kuma ka rubuta masa wane ne, ina ne, yaushe ne, da sunaye daidai, a ranar, kafin ka kwanta.

Wannan ya kawo ni kan mallaka, abin da matasa ba sa tunani sai sun tsufa. Mohamed Amin ya bar hotuna sama da miliyan biyu, kuma suna hannun iyalinsa da kamfaninsa a Nairobi: shugabannin 'yancin kai, naɗin Bokassa na Afirka ta Tsakiya sarkin sarakuna a Bangui a Disambar 1977, aikin Hajji na shekarun 1970, tseren motoci, namun daji. Da ma'aikacin wata fada ne, da yawancinsu sun bi gwamnatin da ta faɗi. Mu nan wa zai nuna maka cikakken kundin hotunan siyasar Jamhuriya ta Biyu a jiharku, taron NPN da PRP da GNPP, da sunaye da ranaku? An ɗauka, amma yawanci ruwa da gara da sauyin gwamnati sun cinye. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar haƙƙin aiki ga wanda ya yi shi, sai idan yarjejeniya ta ce ba haka ba, kuma abin da ka yi a matsayin ma'aikacin gwamnati na gwamnati ne. Saboda haka ka karanta duk takardar da za ka sa wa hannu. Ka sayar da izinin amfani da hoto, kada ka sayar da hoton ɗungurungum sai da farashin da ya kai.

Ba zan ɓoye maka haɗarin ba. Bayan Mengistu ya gudu Zimbabuwe a Mayun 1991, 'yan tawaye suka shiga Addis Ababa, sai wani rumbun makamai ya kama da wuta a farkon Yuni. Amin da abokan aikinsa suka je ɗauka, rumbun ya sake fashewa. Mai ɗaukar masa sauti, John Mathai, ya mutu nan take, shi kuma ya rasa hannunsa na hagu. Aka yi masa hannun roba a Amurka wanda zai iya riƙe kyamara, ya koma aiki. Ranar 23 ga Nuwambar 1996 yana cikin jirgin Ethiopian Airlines mai lamba 961 daga Addis Ababa zuwa Nairobi, wanda zai wuce har Legas da Abidjan, wasu mutum uku suka yi fashinsa suka ce sai Ostireliya. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗa teku a gaɓar tsibirin Komoros. Cikin mutum 175, 125 suka rasu, har da shi da abokin aikinsa marubuci Brian Tetley, da 'yan Najeriya da ke hanyar gida. Yana da shekara 53.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an ce mu ɗaure raƙumi. Idan na tuna fashewar Addis Ababa, John Mathai nake fara tunawa, domin jarumtar mai kyamara ba shi kaɗai take ci ba, akwai direba da mai sauti da yaron da ke riƙe masa jaka. A gida ma muna da namu. Enenche Akogwu na Channels an harbe shi a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki a ranar hare-haren bama-bamai. Precious Owolabi, ɗan bautar ƙasa a tashar guda, harsashi ya same shi a Abuja a Yulin 2019 wurin zanga-zangar 'yan Shi'a, yana da shekara 23, ƙasa da kai da shekara ɗaya. Kafin ka shiga kowane taro ka san ta ina za ka fita. Kada ka tsaya tsakanin jami'an tsaro da masu zanga-zanga, ka tsaya a gefe, bango a bayanka. Kada ka sa hula ko riga mai launin wata jam'iyya ko wani gidan siyasa, ko da ba da niyya ba. Wani ya san inda kake da lokacin da ya kamata ka dawo. Idan 'yan daba suka ce kawo kyamara, ka ba su. Ka kuma sami lambar lauya ɗaya a ka, ba a waya kaɗai ba, domin daga Dokar Soja ta 4 ta 1984 da ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, zuwa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama 'yan jarida da shi, hanyar tsare mai rahoto ba ta taɓa toshewa ba.

To, tayin ɗan majalisa. Aikin mai hoton shugaba sana'a ce ta halal, kuma akwai waɗanda suka yi ta da ƙwarewa: TY Bello a zamanin Jonathan, Bayo Omoboriowo a zamanin Buhari, Pete Souza a fadar Amurka zamanin Obama. Idan nauyin gida ya yi maka yawa, akwai iyaye da ƙanne da ke jiranka, ka karɓa, ba zan ga laifinka ba. Amma ka kira abin da sunansa. Ranar da ka fara karɓar albashinsa ka ajiye katin jarida, ka gaya wa editanka, kada ka rubuta labarin siyasa da sunanka ko da sunan aro. Abin da ke lalata matasanmu shi ne riƙe biyun a ɓoye, da safe wakili, da yamma sojan baka. Kuma ka sani daga jarida zuwa fada gangara ce, dawowar ce hawa, domin ko bayan shekara goma idan ka rubuta labari, abokan hamayyarsa za su ce yaron wane ne, kuma masu karatu za su saurare su.

Idan kuwa za ka iya jurewa, ga abin da zan so ka yi. Ka ba kanka shekara biyu. Ka ci abinci da hoton biki da suna da walimar sauka da na 'yan kasuwa masu talla a intanet, waɗannan kuɗi ba su da igiya a jiki. Jaridar da ba ta biya kuma ka daina ba ta aikinka duka, ka ajiye mafi kyau ka aika wa gidajen da ke biya, ko da sau ɗaya ne a wata. Sannan ka zaɓi wuri ɗaya da kowa ya raina ka zauna a kansa. Ni da zan zaɓa maka, majalisar dokokin jiharku zan ce, lokacin da kwamishinoni ke zuwa kare kasafin kuɗi a gaban kwamitoci. Ɗakin yakan zama babu ɗan jarida ko ɗaya bayan an gama hoton gaisawa. Ka je da kwafin kasafin bara, ka zauna a kujerar gefe inda kake ganin fuskar kwamishina da ta shugaban kwamiti a lokaci guda, ka zauna har a tashi.